Alama ta Huɗu a Gindin Antan

Kai da ka buɗe akwatina ka ci karo da wannan takarda, ko ɗana ne kai, ko kuwa cikin masu shiga gidajen mutane suna bincike kake, ka mayar da ita inda ka same ta. Ba da kai nake ba. In ka ƙi ji ka karanta, ka sani babu sunan da ke ciki wanda ba a riga an rubuta shi a wani wuri ba, kuma Allah Yana ganin abin da za ka yi da shi.

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka, ina rubuto maka ne daga ɗakinka, a kan teburinka, bayan sallar azahar. Na san ba za ka karanta ba. Na yi lakwal, karatun boko, har ƙarshen kolej, kuma hankalina bai gushe ba tukuna. Amma duk tsawon zamanmu, abin da ya dame ni kai nake fara kai wa, kuma maganar yau ba ni da ƙarfin fara faɗa wa mai rai. Bari in fara da kai, wanda ƙasa ta rufe wa ido, ko bakina zai saba da ita.

Labarin gida tukuna. Ƴar farinmu ta sauka lafiya a Tsibiri, namiji, an mayar masa da sunanka, muna ce masa Abba. Goshinka ne da shi sak. Ƴarmu Zali ta shiga kolej, tana da ƙoƙari amma bakinta ya fi hannunta sauri. Garkarka ta Jiratawa tana nan, ƙanenka ke kula da ita, bana masara da tattasai ya sa. Dogon yaron da ka shuka a ƙofar gida ya haura katanga.

Garin kuwa ba yadda ka bar shi yake ba. Damina biyu ke nan da tafiyarka, kuma rigimar manya da ka ce za ta lafa ba ta lafa ba. Lise, babbar makarantar sakandare, a rufe take, yau malamai ke yaji, gobe ɗalibai. An hana taro. Akwai ranakun da ake wayar gari babbar kasuwa a kulle, titi fayau, ko mai kabu-kabu ba ka gani. In mutum uku suka tsaya a bakin hanya, sai na huɗu ya zo ya tsaya kusa da su yana gyara takalmin da bai kwance ba. Cikin wannan hali ɗanmu Nasiru ya kai shekara ashirin yana zaune gida, jarrabawar bak ɗin da zai yi ta gama lise har yau ba a sa mata rana ba.

Maganar antan ɗinka, ƙarfen kamo tashoshin tele, ita ce ta kawo ni.

Ka tuna ranar da ka kafa shi? Bututun ƙarfe uku ka sa aka haɗa, har maƙerin ya tambaye ka ko tashar Kano kake son kamawa ko jirgin sama. Duk layinmu na unguwar Zariya babu mai tsawonsa, tun daga bakin kwalta ake hango shi kamar ƙashin kifi a sama. Ka zuba siminti a gindinsa, ka bar shi yana juyawa, ka yi masa mariƙi da igiyar ɗaurewa. Sannan ka ɗauki farin fenti ka yi alama uku a kan simintin, kowace da haruffanta. YK ita ce tashar gwamnati, don ka ce labaranta kullum iri ɗaya ne, shugaba da baƙinsa, ya karɓi wane, ya karɓi wane, sai a rufe. KD ita ce ta kudu, ta Katsina. SR kuwa ta Kano, sai rabo, wadda ba ta kamuwa sai an yi ruwa sama ta wanke.

Da haruffan lakwal, na Faransanci, kuke kiransu, igrek-ka, ka-de, es-er. Baƙo yana zaune sai ka ce wa Nasiru igrek-ka ta ishe ka, ya je ya taɓa ka-de. Ya fita da gudu, kana ɗaki kana yi masa ihu, ƙara kaɗan, koma baya, tsaya nan. Baƙon ya yi ta raba ido, ku kuna dariya.

Na gaya maka tun lokacin ba na son wannan abu. Na ce uban da ke koya wa ɗiyansa magana a dunƙule gaban baƙi, wata rana gaban uwarsu za su yi ta. Ka ce da ni zamanin haruffa ne, Rabi, ba ki ga jam'iyyu ba, kowace da haruffa huɗu ko biyar, ni biyu-biyu kawai na ɗauka, su ma na tele ne. Da ka ga ban yi dariya ba, ka ƙara da cewa a wannan zamani ba kowane baƙo ya kamata ya san inda kake jin labarinka ba. To, Malam, da duk wayonka, ba ka taɓa ɗaga kai ka yi tunani ba? Haruffa sun rufe bakinka, amma ƙarfen yana can sama, duk mai wucewa yana ganin inda ya juya fuska.

Ga abu na farko da ban taɓa amsa maka ba. Ranakun da ka hau mobilet ka tafi Jiratawa ban ruwa, yara sun koma lakwal na yamma, nakan kwance igiyar in juya zuwa KD in kalli wasan kwaikwayon da suke sawa bayan la'asar. Ni da nake cewa kallon wasa aikin malalatan mata ne. Kafin magariba in mayar da shi YK in ɗaure. Shekara da shekaru ban taɓa mantawa ba ko sau ɗaya. Na ɗauka ba ka sani ba, sai a asibiti, kwana biyu kafin ka cika, ka riƙe hannuna ka ce in daina yi wa igiyar ɗaurin ƙunshin daddawa, ba ya riƙe ƙarfe in iska ta taso. Kunya ta kama ni, na zare hannuna na fita waje. To, ni ce. Ka yafe mini.

Wata guda da ya wuce ina shara na ga alama ta huɗu a kan simintin. Ba rubutunka ba ne. Da ƙusa aka karce ta, ƙanana, GM, ta ɓangaren arewa, wajen Tsibiri. Na tambayi Zali, ta ce ita ba ta sani ba, amma ta ji Yaya Nasiru da abokansa suna cewa je-em in sun zo shan shayi, wani ya ce yaushe za a kama je-em, wani ya ce bai kamu ba tukuna.

Me kake tsammani ya zo mini a rai? Na ce shi ke nan, yaran nan sun gano wata tasha ta raye-rayen tsiraici, sun laƙa mata haruffa don kada in gane. Na lura wasu ranakun ƙarfen yana kwana yana kallon arewa, washegari kuma Nasiru ya ɗauki mobilet ɗinka da hantsi ya ce zai duba ruwa a garka. Ban haɗa biyun ba. Har daɗi nake ji yaro yana kama aikin ubansa.

Da na zaunar da shi na tambaye shi, da ba a kai nan ba. Ban tambaye shi ba. Ka san halina. Ba na son in tambayi abin da ban riga na san amsarsa ba. So nake in gani da idona, in tara su shi da abokansa, in yi musu faɗan da za su tuna har su haifi nasu. Har na shirya kalmomin da zan faɗa.

Talatar da ta wuce, jajiberen sunan Abba, na aiki Nasiru Tsibiri tun kafin azahar da buhun gero da rago, na ce ya kwana can ya taimaki mijin yayarsa. Ni da Zali muna jiran taksin da zai ɗauke mu da kaya. Da na yi la'asar na aike ta sayen goro, na rufe ƙofa. Na kwance igiyar, na juya ƙarfen har mariƙin ya tsaya daidai kan GM, na ɗaure. Na shiga na kunna tele. Babu komai. Tsaki-tsaki kawai kamar an watsa tsaba, da ƙara shuu. Na murɗa nan, na murɗa can. Na zauna ina jira, na ce wataƙila ba su buɗe ba tukuna. Ina nan zaune mai taksi ya fara danna oda a waje, Zali tana buga ƙofa, ga kwanuka, ga ƙullin tufafin jariri. Na kashe tele, muka loda kaya, na kulle gida.

Ban mayar da shi ba, Malam. Abin da ban taɓa mantawa ba a zamaninka, ran nan na manta.

Laraba aka yi suna lafiya. Nasiru ne ya yi ta hidima, shi ya riƙe rago, shi ya raba nama. Da yamma muka kamo hanya mu uku. Muna saukowa daga kwalta na ga ya leƙa ta tagar mota ya ɗaga kai, sai fuskarsa ta canza, irin canzawar da taka ta yi ranar da likita ya kira ka gefe. Mota ba ta gama tsayawa ba ya dira. Na same shi durƙushe a gindin ƙarfen. Ya tambaye ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, Inna, wa ya taɓa antan?

Na ce iska ce.

Ni da na taɓa hana Zali abincin rana don ta ce ba ita ta fasa tulu ba. Ni da nake tara matan unguwa ina cewa ƙarya a gida ita ce farkon lalacewar ƙasa. Na dubi ɗana na ce iska ce. Ya kalli igiyar. A ɗaure take tam, ɗaurin ƙunshin daddawa. Ya daɗe yana kallonta. Ko ka taɓa gaya masa wannan ɗaurin na wane ne? Ya kwance ya mayar da ƙarfen YK.

Kafin a kira magariba Tsahara maƙwabciyarmu ta shigo, ko mayafi ba ta gyara ba. Daga bakinta na ji. Da hantsin ran nan samari tara sun taru a garkarka, ƙarƙashin mangwaron nan na bakin magudanar ruwa. Ba su daɗe da zama ba motar jandarma ta ɓullo ta hanyar gonaki. Huɗu sun tsere ta cikin masara. Biyar an tafi da su, har da Laminu ɗanta, shi kaɗai ne namijin da take da shi, kuma ka san ciwon ƙirjinsa, ko ƙurar shara ba ya jurewa.

Washegari Nasiru ya zauna inda kake zama ya faɗa mini da bakinsa. GM ba tasha ba ce. Garkar Malam ke nan. Tunda aka hana ɗalibai taro, duk wanda aka aika da saƙo gida-gida sai a bi bayansa. Sai suka tuna da ƙarfenka da ake hangowa daga ko'ina. Arewa babu tasha ko ɗaya, don haka babu mai juya antan can da gangan. In ya kwana yana kallon arewa, to gobe da hantsi a garka. Shi Nasiru kaɗai ke juya shi, kowa ya san haka. Ya ce ba bindiga suke tarawa ba, Inna, takarda suke rubutawa ta neman a buɗe lise. Na yarda da shi. Amma wa ya tambaye ni?

Ka ga inda maganar ta tsaya? Alama ta fito daga gidanmu. Yara suka je. Aka kama su. Wanda ke da alhakin juya ƙarfen kuwa yana Tsibiri yana cin naman suna.

Yau kwana biyar. Ba a saki ko ɗaya ba, ba a bar iyaye sun gan su ba, abinci kawai ake karɓa a bakin ƙofa. Jiya an mayar wa Tsahara kwanonta ba a taɓa shi ba, kuma babu wanda ya gaya mata dalili.

A unguwa kuwa an riga an yanke hukunci. Fadar samarin da ke kan kwana, in Nasiru ya doso sai kowa ya yi shiru, mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama har ya wuce. Juma'a a masallaci na kusa da shi ya janye tabarmarsa. Asabar muka tashi an yanka tayoyin mobilet ɗinka duka biyu, a cikin zaure, Malam, ba a waje ba. Wani ya shigo har zaure. Zali ta dawo daga famfo tana kuka, wata yarinya ta tambaye ta da me aka biya yayanta. Yayan ɗaya daga cikin waɗanda aka kama, wani mai aikin gareji, ya aiko cewa shi ba ya son dogon zance, in ƙanensa ya fito da ƙafafunsa za a yi magana, in bai fito ba ma za a yi magana.

Ɗaya ɓangaren ma bai manta da mu ba. Akwai wani mutum da ya fara zama a teburin mai shayin da ke kallon ƙofarmu tun farkon bazara. Farar hula, takalmi sau ciki, ba ya taɓa shanye kofinsa. Na ɗauka dillali ne. Shekaranjiya ina dawowa daga kai wa Tsahara kunu, ya miƙe ya gaishe ni da ladabi, har da rusunawa. Ya yi mini barka da samun jika. Ya ce antan ɗinmu ya fi na kowa kama nesa, Allah Ya jiƙan mai shi. Sannan ya ce in gaishe masa da Nasiru, Laraba an duba ba a gan shi a garka ba, yana fata lafiya.

Ashe shi ma ya iya karanta haruffanka. Ashe sun daɗe da sani, jira suke. Ni ce na zaɓa musu rana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Tsahara. Kullum sai ta shigo ta zauna a tabarmata. Ba ta zargi Nasiru ba ko sau ɗaya, ta ce a hannunta ya girma, ita ta yi masa wankan farko. Cewa kawai take, Rabi, wane marar imani ne zai haura gidan mutane ya kira ƴaƴan mutane zuwa halaka? Ni kuma in miƙa mata ruwa in ce sai haƙuri. Kwana biyar ina miƙa mata ruwa.

Nasiru bai sake tambayata ba. Bai kare kansa wurin kowa ba. Da ƙanenka ya zo ya ce ya rantse a gaban mutane ba shi ya juya ba, Nasiru ya ce zai rantse, amma in an tambaye shi to wane ne, me zai ce? Yana faɗa yana kallon ƙasa. A nan na gane ya sani. Ya gwammace a kira shi maci amana da ya nuna uwarsa da yatsa. Wannan tarbiyyarka ce ko tawa? Ban sani ba. Na dai san ban cancance ta ba.

Ina da fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Kai ka kafa ƙarfen da ya fi na kowa tsawo. Kai ka koya musu cewa a gida ana iya kiran abu da rabin suna, masu sani su sani, marasa sani su yi ta kallo. Ka tafi ka bar ni cikin marasa sani. Amma duk inda na juya fushin nan, kaina yake dawowa. Kai ka koya musu ɓoyewa, ni na koya musu cewa uwarsu ba wadda ake gaya wa abu ba ce, wadda ake ɓoye wa ce. Da yaron nan yana ganin zan saurare shi kafin in yi faɗa, da tun ranar farko ya ce, Inna, kada ki taɓa wannan alama.

Da safiyar yau na kira magini. Ya juya ƙarfen YK ya zuba masa siminti har wuya, ya shafe alamomin duka huɗu, naka da na Nasiru. Ban sa an sauke shi ba, don saukewar ma magana ce, mai farar hula zai karanta ta. Za mu yi ta kallon ya karɓi wane, ya karɓi wane, har Allah Ya kawo sauƙi. Na san abin zai ba ka haushi. Igiyar kuwa na cire ta, na sake yi mata ɗaurin ƙunshin daddawa da hannuna, na sa a jakata.

In na rufe wannan takarda zan yi la'asar, in ɗauki mayafi. Gidan Tsahara zan fara shiga, sannan sauran huɗun ɗaya bayan ɗaya, in ƙare da gareji. A kowane gida zan ajiye igiyar a gabansu in faɗi abin da na faɗa maka, har da dalilin da ya sa na juya, duk da ba shi da daɗin faɗa. Na san wasu za su ce uwa ce take rufa wa ɗanta asiri. Na san Tsahara ba lalle ta sake zama a tabarmata ba. Wannan ba zai buɗe ƙofar da aka kulle su Laminu ba, ba zai kuma tayar da mai farar hula daga bencinsa ba. Amma in akwai sunan da za a riƙa yin shiru in mai shi ya doso, gara ya zama nawa. In kana da wata alfarma inda kake, ba don ni ba, ka nema wa yaron nan da ƴaƴan mutane biyar.

Kafin in zauna rubutu na tara su biyun a gindin ƙarfen, simintin bai bushe ba. Na kafa doka, kuma za ta bi Abba in ya girma ya zo hutu. A gidan nan an daina haruffa. Ba igrek-ka, ba ka-de, ba wani rabin suna. Tasha, ko wuri, ko aboki, ko inda za ka da abin da zai kai ka, a kira shi da cikakken sunansa, da murya, a tsakar gida. Wanda aka tambaya ya amsa, wanda bai sani ba ya tambaya, ko da uwa ce. Na ce ni zan fara. Na dubi Nasiru na ce ba iska ba ce, ni ce.

Sai mun iso, Malam. Allah Ya sa ka fi mu kwanciyar hankali.

Matarka, uwar ɗiyanka,
Rabi